Gasar Adabi Ta Ƙasa: Yaushe Za A Buɗe Wa Harsunan Gida Ƙofa?

Daga Wakilinmu

Kusan kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, jaridun ƙasar nan na Turanci sukan cika da labarin marubucin da ya yi sa'ar cin kyautar adabi wadda Kamfanin Iskar Gas na Nijeriya, watau NLNG, yake bayarwa. An kafa wannan kyauta a shekarar 2004 da dala 20,000, aka yi ta ƙara kuɗin sannu a hankali har ya kai dala 100,000 a shekarar 2011, abin da ya sa ta shiga sahun kyaututtukan adabi mafi tsoka a nahiyar Afirka. Ana juya ta ne tsakanin fannoni huɗu, kowane fanni da shekararsa, watau ƙagaggen labari, da waƙa, da wasan kwaikwayo, da kuma littattafan yara. Babu mai ƙaunar ilmi da zai ƙi yaba wa kamfanin saboda wannan hidima, domin a ƙasar da marubuci yakan ci bashi kafin ya buga littafinsa, duk wanda ya tuna da shi ya cancanci godiya.

To, amma akwai wani abu guda da ya daɗe yana ci wa masu rubutu da harsunan gida tuwo a ƙwarya. Sunan da aka raɗa wa kyautar shi ne Kyautar Adabi ta Nijeriya, alhali kuwa gasar ta littattafan Turanci ce. Tun ranar da aka kafa ta ba a taɓa ba da ita ga littafin Hausa, ko na Yarabanci, ko na Ibo, ko na Fulatanci, ko na Kanuri ba. A shekarar 2016 Malam Abubakar Adam Ibrahim ya cinye ta da littafinsa mai suna Season of Crimson Blossoms, mutanen Arewa kuma suka yi murna matuƙa, ga shi kuwa abin murna ne. Labarin da ke cikin littafin na Hausawa ne, mutanen da ke cikinsa da Hausa suke gaisawa, da ita suke faɗa, da ita suke shiryawa. Amma da a ce marubucin ya zuba labarin nasa da harshen da waɗannan mutane suke magana da shi, da ko bakin ƙofar gasar bai kai ba. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya tsaya ya yi wa nazari.

Wani zai ce ai gasa ado ce kawai, marubucin kirki ba ya jiran kyauta kafin ya ɗauki alƙalami. Tarihin adabinmu bai goyi bayan wannan magana ba. Abin da ya nuna shi ne, wanda aka kira zuwa gasa shi ne yakan zama marubuci, wanda aka manta da shi kuwa sai ya yi shiru, wani lokaci har shekaru masu yawa.

WAIWAYE ADON TAFIYA

A shekarar 1933 ne Rupert East, Baturen da ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. A lokacin Hausa ta riga ta yi nisa wajen rubutattun waƙoƙi na ajami, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, amma zaunawa a ƙago dogon labari a rubuta shi a littafi baƙon abu ne, har ma waɗansu malamai suna ganin aikin wofi ne. East ya bi garuruwa yana lallashin waɗanda suka yi karatun boko. Daga wannan yunƙuri ne aka sami littattafai biyar waɗanda har gobe ɗalibai suke karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa.

A sa'an nan Abubakar Imam saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wannan gasa ce ta bayyana gwanintarsa, ita ce sanadin da aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, daga nan kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo lokacin da ta fara fitowa a 1939. Haka kuma abin yake ga 'yan'uwanmu na Kudu. Littafin Omenuko na Pita Nwana, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da harshen Ibo, gasa ce ta fito da shi a farkon shekarun 1930. Shahararren littafin nan na D. O. Fagunwa na Yarabanci, wanda aka buga a 1938, Farfesa Wole Soyinka kuma ya juya shi zuwa Turanci a 1968, shi ma don shiga gasa aka rubuta shi. Ashe ke nan ƙagaggen labari a manyan harsunan ƙasar nan uku, duk gasa ce ta yi masa ungozoma.

Sai dai kuma a duba waɗanda ba a kira ba a 1933. Dukan marubutan nan maza ne, dukansu kuma masu rubutu da boko. Malaman ajami ba su shiga ba, mata kuwa ba a ma yi zancensu ba, saboda 'yan kaɗan ne ƙwarai aka sa a makarantar boko a wancan zamani. Sakamakon haka sai da aka yi fiye da shekara 40 kafin a ga sunan mace a bangon ƙagaggen labarin Hausa. Abin lura a nan shi ne, wannan ma gasa ce ta kawo shi. Kamfanin Ɗab'i na Arewa da ke Zariya, watau NNPC, ya shirya gasa a ƙarshen shekarun 1970, a 1980 kuma ya buga littattafai uku da suka yi fice a cikinta: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Daga fitowar wannan littafi na ƙarshe, 'yan mata da matan aure da yawa suka gane cewa su ma ana iya buga abin da suka rubuta.

Ba da jimawa ba Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya tasa gasar ta rubutu da harsunan gida, a 1982 aka buga littattafai irin su Turmin Danya, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Tsumangiyar Kan Hanya, da Zaɓi Naka. Waɗannan littattafai sun taɓo fasa-ƙwauri da rashawa da fashi da sauran cututtukan zamanin arzikin man fetur, abin da ba a saba gani a littafin Hausa ba. Wannan ya nuna cewa Gwamnatin Tarayya da kanta ta taɓa yin abin da muke roƙo a yau, kuma ta ga amfaninsa. Abin takaici shi ne ba a mai da ita al'ada ta kowace shekara ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta, sai matasa a Kano da Kaduna da sauran birane suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Daga cikinsu aka sami Talatu Wada Ahmed, da Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwan waɗansu. Aka laƙaba wa aikinsu sunan Adabin Kasuwar Kano, waɗansu masana suka yi ta kushe shi, amma jama'a suka yi ta saye suna karantawa, har ana ba da hayar littafi a unguwanni. Waɗannan marubuta sun raya karatun Hausa a lokacin da hukuma ta juya masa baya, ba su kuwa da wata babbar kyauta ta ƙasa da za su sa wa ido.

An sami masu kishi da suka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. A 2007 aka kafa gasar tunawa da Injiniya Muhammadu Bashir Ƙaraye, wadda Malam Ibrahim Sheme ya zo na ɗaya a cikinta da littafinsa 'Yartsana, amma bayan 'yan shekaru aka daina jin ɗuriyarta. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, Malama Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarinta Sansani, a 2022 kuma Malama Amira Souley daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta zo ta ɗaya. Waɗansu maza sun yi gunaguni cewa an ware su, amma duk wanda ya tuna shekarun da mata suka yi a bayan ƙofa, ba zai ga laifin a share musu fili nasu na kansu ba. Abin kunya a nan namu ne, da ya zamana gasar Hausa da aka fi sani a wannan zamani daga gidan rediyon wata ƙasa ta fito.

HUJJOJIN DA AKE BAYARWA

Idan aka tayar da wannan magana, hujja ta farko da akan kawo ita ce, harsunan Nijeriya sun haura 500, idan aka buɗe wa ɗaya ƙofa tilas a buɗe wa saura, Turanci ne kaɗai ya haɗa mu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma ƙasar Indiya ta fi mu yawan jama'a, ga ta kuma da tarin harsuna, duk da haka Hukumar Adabi ta ƙasar, wadda suke kira Sahitya Akademi, tana ba da kyauta tun 1955, yau kuma tana bayarwa a harsuna 24, Turanci ɗaya ne kawai daga cikinsu. Ba su ce sai sun iya ɗaukar dukan harsuna a rana ɗaya za su fara ba. Sun fara da waɗanda suke da rubutaccen adabi, suka riƙa ƙarawa. Mu ma Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci tare da Turanci a matsayin harsunan da za a iya gudanar da aikin Majalisar Tarayya da su idan an yi tanadi. Harshen da aka yarda a yi doka da shi, yaya za a ce bai isa a yi gasar adabi da shi ba?

Hujja ta biyu ita ce wai babu alƙalan da za su auna littafin Hausa da na Yarabanci a sikeli ɗaya. Amsar wannan tana da sauƙi. Ba dole ne a haɗa su a sikeli ɗaya ba, kowane harshe a ba shi kyautarsa da alƙalansa. Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun shafe shekaru suna yaye masu digirin digirgir a kan harshe da adabin Hausa, haka kuma jami'o'in Ibadan da Nsukka suke yi wa nasu harsunan. In kuwa ana so a haɗa su, fassara ita ce gada. Kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa, wadda ake bayarwa a Ingila, tun 2016 take raba fam 50,000 daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara. Ta wannan hanya ce Jokha Alharthi ta ƙasar Oman ta ci da littafin Larabci a 2019, Geetanjali Shree ta ci da littafin harshen Hindi a 2022, Banu Mushtaq kuma ta ci da labaran harshen Kannada a 2025. A nan Afirka ma, Kyautar Noma, wadda aka bayar daga 1980 zuwa 2009, ta karɓi littattafan harsunan Afirka, har Gakaara wa Wanjau na ƙasar Kenya ya same ta a 1984 da littafin da ya rubuta da harshen Kikuyu. Masu Suwahili kuwa sun kafa tasu kyautar a 2014.

Hujja ta uku ita ce mafi zafi, ita ce kuma ba a cika faɗinta a fili ba, watau wai littattafan Hausa na yanzu ba su kai matsayin da za a ba su irin wannan kyauta ba. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: da yawa daga cikinsu suna fita da kurakuran rubutu, da ƙa'idojin da ba a kiyaye ba, da labarin da aka ja shi har ya tsinke. Amma mene ne dalili? Dalili shi ne babu edita. Abubakar Imam da duk basirarsa sai da ya zauna da East suna bin rubutu layi layi. Marubucin Turanci da ya ci dala 100,000 yana da kamfanin ɗab'i a bayansa, da edita, da mai duba kurakurai, da mai zanen bango. Marubuciyar Hausa kuwa ita ce edita, ita ce mai biyan maɗaba'a, ita ce mai kai wa 'yan kasuwa, yanzu ma da yawansu sun haƙura da takarda sun koma sakin labari shafi shafi ta wayar hannu. Wanda aka hana wa taki ba a zarge shi da ƙarancin amfanin gona ba. Kuma duk da wannan hali, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, da Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ne ya ga darajarsa ya buga shi a 2012, ba kamfanin Legas ko na Abuja ba.

Kada kuma a ce sharuɗɗan gasa ba su canzawa. A shekarun farko an keɓe kyautar NLNG ga marubutan da ke zaune cikin ƙasa. Marubutanmu na ƙetare suka yi ta ƙorafi a jaridu har aka janye wannan sharaɗi, Chika Unigwe, wadda ta daɗe tana zaune a Beljiyam, ta ci a 2012. Idan an saurari kukan ɗan Nijeriya da ke Turai, lalle ya kamata a saurari na wanda ke Funtuwa ko Ogbomosho ko Aba.

LAIFI TUDU NE

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan muna kukan Turanci ya danne Hausa, ya kyautu mu tuna cewa a jihohin Arewa Hausa ce take zaune a kan kujerar da Turanci yake zaune a kai a tarayya. Mai rubutu da Fulatanci a Yola, da mai rubutu da Kanuri a Maiduguri, da mai Nufanci a Bida, da mai harshen Tibi a Gboko, kowannensu yana da haƙƙin da muke nema wa kanmu. Duk gasar da za a kafa da sunan harsunan gida, in ta tsaya a kan manyan harsuna uku har abada, to an sake gina katangar da muke so a rushe, an dai matsar da ita gaba kaɗan.

Haka kuma a cikin gidan Hausa kansa akwai waɗanda ake mantawa da su. Har yanzu akwai masu rubuta waƙa da ajami a zaurukan malamai. Akwai makafi masu basira, mu tuna cewa Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne. Da a ce yau yana raye aka ce sai ya cike fom ta intanet ya aiko da bugaggen littafi, da an rufe masa ƙofa. Akwai kuma marubutan Hausa na Nijar da Gana da Kamaru da Sudan, waɗanda iyakar da Turawa suka shata ba ta raba su da harshensu ba. Sa'an nan akwai batun adalci wajen alƙalanci. Ƙananan gasanni da yawa sun mutu ne saboda zargin son kai da sanayya. Maganin wannan shi ne a bayyana sunayen alƙalai tun farko, a ɓoye sunan marubuci idan rubutun bai riga ya fita ba, kada alƙali ya duba aikin ɗalibinsa ko ɗan'uwansa, a kuma buga rahoton alƙalai kowa ya karanta dalilinsu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, muna kira ga kamfanin NLNG da kwamitin da ke ba shi shawara su ƙara fanni na harsunan gida, ko da za a fara da kyautar littafin da aka fassara daga harshen gida zuwa Turanci, a raba kuɗin tsakanin marubuci da mai fassara. Iskar gas da ake samun wannan kuɗi da ita dukiyar 'yan Nijeriya ce baki ɗaya, har da miliyoyin da ba su jin Turanci.

Na biyu, bai kamata mu zauna jiran kamfani ɗaya ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamnatocin jihohin Arewa 19 suna iya haɗa hannu su kafa gidauniya ta dindindin, bisa doka, a zuba kuɗin a wata ajiya mai kawo riba, a danƙa riƙonta ga amintattu daga jami'o'i da Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda marigayi Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981. Darasin 1982 da na 2007 shi ne, gasar da ta dogara ga kasafin shekara ɗaya ko aljihun mutum ɗaya, ranar da aka canza gwamnati ko mai bayarwa ya gaji, ranar take mutuwa.

Na uku, kada kyautar ta tsaya ga miƙa wa mutum ɗaya cek a ɗakin taro. A ware wani kaso don biyan edita da buga littattafan da suka kai zagayen ƙarshe, Ma'aikatun Ilmi kuma su sayi kofe su rarraba wa makarantun sakandare da ɗakunan karatu. Ta haka ne mai maɗaba'a da mai sayar da littafi da mai fassara za su ga riba a cikin aikin Hausa, sana'ar edita kuma ta farfaɗo. Wannan aiki ne da ke hannun ma'aikatan gwamnati masu rubuta takardun shawara da tsara kasafi, da yawansu kuwa da Magana Jari Ce suka koyi son karatu.

Ga ɗalibai kuma, musamman masu nazarin harsuna, kada ku raina fassara. Duk wanda ya ƙware a Hausa da Turanci, ko Hausa da Larabci, ko Hausa da Faransanci, yana riƙe da mabuɗin da zai fitar da littafin Hausa zuwa duniya, ya kuma shigo da na duniya cikin Hausa.

A 1933 Bature ne ya bi gari gari yana neman wanda zai rubuta labari da Hausa, ya kuwa sami Imam da Tafawa Ɓalewa. Yau marubutan sun yi yawa har ba su ƙidayuwa, su ne suke neman wanda zai duba aikinsu. Ba mu san yawan masu basirar da suka ajiye alƙalami saboda ba a kira su ba, amma muna iya hana a ci gaba da yin wannan asara. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya kuma sa mu dace, amin.